Lambar Gwadabe, Ƙirjin Labo

Zariya,
9 ga Janairu, 1965

Zuwa ga Kawu Malam Markus, Funtuwa.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Inna Dorkas. Ni lafiya lau nake. Karatun jinya yana tafiya, har sun fara barinmu mu yi wa marasa lafiya allura da kanmu.

Bayan gaisuwa, Kawu, na je Gidan Kuka hutun Kirsimeti, abin da na gani kuma ya hana ni sukuni. Yaya Labo ya lalace. A saƙon da ake aiko mini ana cewa ɗan tari ne ya rage masa daga gobarar siton auduga ta bara. Ba ɗan tari ba ne. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa rumbu sai ya tsaya sau biyu ya dafa gwiwa. Muryarsa ta dushe kamar ta tsoho. In ya kwanta, tun daga tsakar gida ana jin ƙirjinsa yana fito. Mutumin da ƙauye uku ke rububin kiransa gayya, bana matarsa Bilki da ƙannenta ne suka yi masa girbi, kuma dawar da suka samu da ƙyar ta kai su bazara.

Abin da ya fi ɓata mini rai, na tarar Innarmu tana yi masa hayaƙi. Ta zuba saiwoyi a kan garwashi cikin kasko, ta lulluɓe shi da gwado, ya yi ta shaƙa. Na fizge gwadon. Ta ce, "Ke 'yar boko, allura aka tura ki koyo ko rashin kunya?" Na ce mata hayaƙi ne ya ƙone masa ƙirji, ta yaya hayaƙi zai warkar da shi? Shi kuwa dariya yake yana tari, wai, "Bar ta, Inna, likita ta zo gari."

Da na dawo na tambayi malamar da ke koya mana. Ta ce wanda ya shaƙi hayaƙi mai zafi a rufaffen wuri, hanyar numfashinsa takan ƙone ta ciki ko da fatarsa ba ta ji komai ba. Wani ya warke, wani ya zauna da shi iyakar ransa. Ta kuma ce doka ta ɗora wa kamfani biyan diyya ga leburan da ya ji ciwo a bakin aiki, in an kai maganar ofishin ƙwadago. Da diyyar nan Yaya zai iya ɗaukar masu yi masa noma, gidansa ba zai watse ba.

Kawu, kai ne akawun siton a lokacin, ka ga abin da idonka, kuma a danginmu babu mai Turancinka. Ina roƙonka ka rubuta takardar. Kai ka ɗauko ni daga bayan awaki ka sa ni makaranta, ban san wanda zan roƙa ba in ba kai ba.

Ni ce 'yarka,
Dinatu

Funtuwa,
2 ga Fabrairu, 1965

'Yata Dinatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni. Ina nan da rai, ban ce da lafiya ba. Gwiwa tana damuna, idon hagu kuma ya fara yana. Dorkas tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, don ta ji tuwon makaranta ba ya riƙe ciki.

Kin ce babu mai Turancina. To ga inda Turancin ya kai ni. Ina zaune a kan benci gaban gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙa, wannan yana neman matarsa ta dawo, wancan yana so in zagar masa surukinsa cikin ladabi. Shekara goma sha ɗaya na koyar a makarantar mishan, goma sha huɗu na riƙe littafin leburori a sito. Da suka gama da ni suka kawo mai takardar kwaleji, wanda ni na koya wa ubansa riƙon alli, suka ba shi kujerata. Ni kuma suka ba ni takardar yabo. Tana nan rataye a bango, an rubuta cewa ni mai gaskiya ne da riƙon amana. Ba a dafa ta, ba a ci.

Ke ba ki san wutar auduga ba. Ba ta tashi kamar ta kara. Ta ciki take ci, shiru, kwana biyu ko uku, buhu yana nan kamar lafiya lau, sai ka dafa shi ka ji zafi. Ranar nan da hantsi aka ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin kwano. Manaja ya ce a shiga a fitar da buhunan da ba su kama ba, kuma ƙofa ɗaya za a buɗe, don kada iska ta hura wutar. Mutum tara suka shiga. Sauran suna shiga suna fitowa shan iska. Yayanki, da taurin kansa irin na ubanku, ya yi sawu bakwai bai tsaya ba. A na takwas sai jawo shi aka yi ta ƙafa. Gashin hancinsa ya babbake, abin da yake tofarwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da la'asar ya miƙe da ƙafarsa, ya ce kai ne kawai ke sara masa, muka yi murna. Bayan kwana biyu ƙirjin ya rufe.

Hayaƙin da ƙanwata Atu take yi masa, kin yi daidai da kika hana. Uwarki tun muna yara ba ta jin magana, amma ki nace. A kuma fitar da murhu daga ɗakin da yake kwana, in sanyi ne a ƙara masa mayafi.

Maganar ƙara kuwa, ki bar ta. Kamfani ya riga ya yi abin da zai yi. An kira likita, an rubuta takarda, an rufe. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Ramin nan in kika tona shi, ba za ki so abin da za ki tarar a ciki ba. Ki yi karatunki.

Kawunki,
Markus

Zariya,
6 ga Maris, 1965

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna Dorkas. Na ji ciwon gwiwa da ido, Allah ya kawo sauƙi. Idon nan kada ka bar kowa ya ɗiga maka komai, ka zo nan a duba.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Na gane tsoro kake ji mini, kada kamfani ya sa a kore ni daga makaranta. Ka kwantar da hankalinka, malamarmu ta ce babu mai taɓa ni. Da na ga ka gaji da su, kuma sun wulaƙanta ka, sai na ce bari in ɗauke maka. Na rubuta wa ofishin ƙwadago da kaina. Ka yafe mini Turancin, na san da ka gani da ka ja masa jan layi.

Amsa ta zo, kuma ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Sun ce a littafin sito na ranar gobara babu wani Labo. Wanda aka jawo daga cikin hayaƙi lamba arba'in da bakwai ne, sunansa Gwadabe. Wai bayan kwana goma likita ya auna shi, ya saurari ƙirjinsa, ya tarar da shi garau. Kawu, Gwadabe fa! Gwadaben marigayi Kawu Buba, wanda ko mura ba ta kama shi! Ko dai sabon akawun da suka kawo ya kwafi littafinka ya cakuɗa sunaye, ko kuma likitan ya zauna a ofis ya rubuta ƙarya bai ga kowa ba. Kai dai na san ba ka kuskure a rubutu. Har yau ina tuna yadda ka sa na sake rubuta sunana sau hamsin saboda harafi ɗaya.

Na aika wa Yaya tambaya ta hannun malamin makarantar ƙauyenmu, ko likita ya taɓa duba shi. Amsar da ya bayar ita ce, "Ki tambayi Kawu, shi ya san takarda. Abin da ya ce in yi shi na yi." Ka ga yadda ya yarda da kai.

Na shirya takarda ta biyu, zan sa sunan likitan a ciki in nemi a bincike shi. Layi biyu kawai nake so daga gare ka, cewa Labo ne ya shiga siton, ba Gwadabe ba.

'Yarka,
Dinatu

Zariya,
10 ga Afrilu, 1965

Kawu,

Gaisuwa da fatan lafiya. Mako biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Ko idon ne ya tsananta? Ko kuwa ka yi fushi don na rubuta ba da izininka ba? In fushi ne, ka yi mini faɗa a takarda, ya fi mini shirun nan.

Ofishin ƙwadago sun ce jami'insu, Malam Abdussamad, zai zo Funtuwa ranar Talata, 11 ga Mayu, ya saurari maganar. In ba a kawo shaida ba, za su rufe ta ke nan. An yi yayyafi a Gidan Kuka, kowa ya fara sharar gona, ta Yaya tana nan da kututtukan bara. Na riƙe takardar ƙarar likitan ban aika ba tukuna, ina jiran layi biyunka.

Dinatu

Funtuwa,
24 ga Afrilu, 1965

Dinatu,

Ina gaishe ki. Idona yana nan yadda yake, ba shi ya hana ni rubutu ba. Fushi kuma ba ni da bakin yi miki. Sau huɗu na fara wannan wasiƙa ina yagawa. Mutumin da ke rubuta wa rabin garin nan wasiƙa ya kasa rubuta tasa.

Kada ki sa sunan likitan. Bai yi ƙarya ba. Sabon akawu ma bai cakuɗa komai ba. Abin da ke cikin littafin nan hannuna ne, kuma ba kuskure ba ne.

Ga yadda aiki yake a sito. Farkon kakar auduga ana rubuta leburori, kowa a ba shi lambar ƙarfe ya rataya a wuya. Wanda ya yi fashin kwana uku sai a karɓe lambarsa a ba wani, don a bakin ƙofa akwai mutum hamsin masu jira. Mutanenmu kuwa manoma ne, ga biki, ga mutuwa, ga gyaran ɗaki. Saboda haka in mutum zai tafi gida, sai ya rataya wa ɗan'uwansa lambar ya zo ya riƙe masa gurbi. Manaja lamba yake gani, ba ya ganin fuska. Akawu ne ya san fuska, kuma dokar kamfani ta ce akawun da ya bari aka yi haka, kora ce. Ni na bari, shekara da shekaru. Wani ya kawo mini zabuwa, wani ƙwaryar wake. Ban taɓa roƙa ba, ban kuma taɓa mayarwa ba. Ina ce wa kaina taimakon talakawa nake yi.

Lamba arba'in da bakwai ta Gwadabe ce, ni na samo masa ita don ɗan yayana ne. Makon gobarar surukinsa ya kira shi ɗora jinka. Ya zo mini da Labo, suna wasansu na taubasai. Ya ce, "Baba, ga bawana na kawo ya riƙe mini lamba." Labo ya ce, "Wa ya taɓa ganin bawan da ya fi ubangidansa ƙarfi? Kawu, in ya dawo ka ce masa an kore shi, ka bar mini ita." Muka yi dariya. Kowace safiya Labo ya miƙo lamba, ni kuma in rubuta Gwadabe.

Bayan gobara Manaja ya kira ni ya ce a rubuta rahoto, kuma arba'in da bakwai zai ga likita. Na tsaya da alƙalami a hannu. Suna ɗaya ne zan gyara, sai in faɗi dalili. A lokacin an yi mini alkawarin babban akawu a ƙarshen kaka, abin da na jira shekara goma sha huɗu. Na rubuta Gwadabe.

Daga nan na hau keke na tafi masaukin leburori. Yayanki yana zaune ya jingina da bango, don ba ya iya kwanciya. Leɓensa ya yi duhu. Na durƙusa na ce masa, "Labo, in aka gane ba lambarka ba ce, Gwadabe zai sha ɗauri, ni ma haka. Ka tafi gida ka huta, ka yi shiru, ni zan san abin yi." Ba ya iya magana, sai ya gyaɗa kai. Na sa shi a motar Malumfashi ya koma Gidan Kuka. Asibiti yana nan kusa, ban kai shi ba, don a asibiti za a tambayi suna.

Sai na aika wa Gwadabe ya dawo. Dinatu, na zaunar da shi a zaurena na koya masa tari. Ni da na koyar da yara Dokoki Goma, na ce masa ya riƙa dafe ƙirji, ya ja numfashi da ƙyar, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Dabarata ita ce likita ya rubuta masa diyya, mu karɓa mu kai wa Labo, kowa ya tsira. Ina ganin kaina mai wayo. Gwadabe ya dawo daga wajen likita yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, na yi tarin har sau shida. Ya sa mini abin nan a ƙirji, ya yi dariya, ya ce ƙirjina kamar na doki." Likita ya rubuta abin da ya ji. Aka rufe magana.

Bayan wata huɗu suka sallame ni, ba don wannan ba, ba su ma sani ba. Sun dai sami wanda ya fi ni takarda. Na sayar da ƙirjin ɗan ƙanwata don kujerar da ko kwana ɗaya ban zauna a kanta ba.

Tun daga ranar ban taka Gidan Kuka ba. Ina cewa gwiwa ce. Shi kuwa bai fasa abin da ya saba ba. Bana ma, daga 'yar dawar da Bilki ta girbe, ya aiko mini da dami guda, wai na Kawu. Dorkas ta tuƙa tuwo da ita, na ce cikina ke ciwo.

Kin nemi layi biyu. Layi biyun nan suna nufin in tsaya gaban jami'i in ce na yi rubutun ƙarya. Kamfani zai iya kai ni wajen 'yan doka. Ni ne magatakardan ikilisiya, ni ke karanta nassi ran Lahadi. Mutane suna zuwa bencina ne don sun yarda abin da suka faɗa shi nake rubutawa. Suna ne kaɗai ya rage mini, shi nake ci. Ban ce zan zo ba, ban ce ba zan zo ba. Gaskiyar da zan iya yau ke nan. Kada ki gaya wa uwarki.

Markus

Zariya,
1 ga Mayu, 1965

Kawu,

Ina gaishe ka, don haka ka koya mini a fara wasiƙa. Ina lafiya.

Na yaga takardar ƙarar likitan. Saura kaɗan in ɓata sunan mutumin da bai yi mini komai ba.

Malamarmu ta ce da an kai Yaya asibiti a kwana biyun farko, da wataƙila ƙirjin bai kai haka ba. Ta ce wataƙila. Na so in ɓoye maka wannan, sai na ga ɓoyon ya isa haka a gidanmu.

Wasiƙarka tana hannuna. Zan iya aika wa Malam Abdussamad ita, amma ba zan aika ba. Ni ka rubuta wa, ba shi ba. In zai ji maganar nan, daga bakinka zai ji.

Ba a ba ni izinin zuwa ba, muna da jarrabawa. Na aika wa Gwadabe, ya ce zai kawo Yaya a motar safe ranar Talata, ko da za a ɗaure shi. Inna kuma ban gaya mata ba. Ƙanwarka ce, kai za ka gaya mata.

Dinatu

Funtuwa,
13 ga Mayu, 1965

'Yata Dinatu,

Gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Dorkas tana gaishe ki. Ta san komai yanzu. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta wanke mini riga ta goge, ta ce in zan ji kunya in ji ta cikin riga mai tsabta.

Ran Lahadi bayan sujada na kai wa fasto littafin ikilisiya da mabuɗi, na gaya masa dalili. Ran Talata na tura keke zuwa tasha. Har na isa ban tabbata zan tsaya ba, na ce wa kaina in gan su daga nesa tukuna. Mota ta tsaya, Gwadabe ya sauko, ya juya ya sauko da wani dattijo. Sai da dattijon ya ce "Kawu" na gane shi. Shekararsa talatin da huɗu, Dinatu.

Daga tasha zuwa ofis ba nisa, amma taku ashirin ya yi ya tsaya. Muka ɗora shi a kan keke, ina turawa, Gwadabe yana riƙe da shi. Muka wuce ta gaban gidan waya, masu jirana a benci suna tambaya ko lafiya. Na ci gaba da tura keke.

Malam Abdussamad mutum ne mai magana a hankali. Ga wakilin kamfani a gefe da littafin sito a gabansa. Aka buɗe shafin ranar gobara aka juyo mini shi. Rubutuna ne, mai kyau, ko goge babu. Jami'in ya ce, "Malam, wannan hannunka ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "Abin da ke ciki gaskiya ne?" Na ce lambar gaskiya ce, sunan ƙarya ne. Na faɗa masa duka, har zabi da wake, har tarin da na koyar. Da na zo kan tarin wani masinja ya fashe da dariya, Gwadabe ya sunkuyar da kai. Wakilin kamfani ya ce, "Ba kai ne muka ba takardar yabo ba?" Na zo da ita a aljihu. Na fitar na ajiye masa a kan littafin.

Jami'in ya sa aka kai Labo asibiti a ranar. Likitan nan ne dai. Ya daɗe yana sauraro, gaba da baya, bai yi dariya ba. Ya tambayi wanda ya hana a kawo shi tun bara. Na ce ni ne. Ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Ya rubuta cewa hayaƙi ya lalata masa hanyar numfashi, ba zai ƙara aikin ƙarfi ba, kuma a nesanta shi da kowane irin hayaƙi, har na murhu. Ya ba shi magani, ya ce a riƙa kawo shi duk wata.

Malam Abdussamad ya ce shi wanda ya ɗauki buhu ya sani, ba wanda ya mallaki lamba ba. Ya rubuta cewa Labo ne ya ji ciwo a bakin aiki, diyya ta hau kan kamfani, a Kaduna za a yanke yawanta. Ba za ta iso kafin shuka ba. Gwadabe ya rasa lambarsa, ya ce gara ma, zai noma gonar bawansa bana, kuma zai kira gayya. Ni kuma wakilin kamfani ya ce za su duba ko su kai ni wajen 'yan doka. Jiya na zauna a benci tun safe har azahar, mutum ɗaya ya zo, shi ma baƙo ne.

Saura abu ɗaya in gaya miki. Da za mu koma tasha Gwadabe ya tafi neman mota, ni na ɗauki Labo a bayan keke. Ya gaji, sai ya jingina ƙirjinsa da bayana. Tun daga asibiti har tasha ina jin abin nan ta cikin rigata, yana fito yana kurɓa, kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Abin da na hana likita ji wata goma sha biyar, na ji shi da ƙashin bayana. Ina jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da muka kusa tasha ya tattara numfashi ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Da na fito a sawu na bakwai, da ban jawo maka wannan ba."

Na iya Turanci, na iya Hausa, na san nassi da ka. Duk ba su yi mini amfani ba. Na dai ci gaba da taka keke.

Gobe zan shiga motar Malumfashi in je wajen uwarki. Ban rubuta mata ba, kuma ba zan aika kowa ba. Zan tafi da fartanya. Gwiwar nan da na yi ta laɓewa a bayanta, bari ta yi ciwon gaske a gonar Labo.

Ni ne, in har yanzu kina kirana da shi,
Kawunki Markus